Henrietta Bowdler: Matar da ta Tace Wasannin Shekisfiya

Gabatarwa

Hausawa kan ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, idan wani ya sha wahalar aiki wani kuma ya kwashe ladan. Labarin Henrietta Maria Bowdler ya yi kusa da wannan karin magana, amma bai shige cikinta ɗungurungum ba, domin gardin da ya karɓi ladan a nan, watau ƙanenta Likita Thomas Bowdler, shi ne kuma ya ƙare da shan bugun. A harshen Ingilishi akwai wata kalma, bowdlerise, wadda ake faɗa idan an ɗauki littafi an datse masa duk wuraren da ake jin akwai batsa ko saɓo, har aka bar shi lami ba gishiri. Kalmar ba ta yabo ba ce. Daga sunan gidansu aka ƙago ta, kuma shekara da shekaru duk wanda ya nemi asalinta a ƙamus sai a nuna masa Thomas, a ce shi ne ya fara sa wa wasannin kwaikwayon Wiliyam Shekisfiya almakashi. Sai a 1966 aka tabbatar cewa yayarsa ce ta fara wannan aiki, ita kaɗai, ta kuma buga shi ba tare da ta sa sunanta ba.

Shi Shekisfiya ba baƙo ba ne ga ɗaliban adabi. An haife shi a 1564, ya rasu a 1616, kuma a 1623 wasu abokan sana'arsa biyu suka tattara wasanninsa 36 suka buga a littafi guda. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu a 1971. To amma hanyar da wasannin nan suka biyo daga dandamalin Landan har suka shiga ɗakunan mata da azuzuwan yara ba miƙaƙƙiya ba ce, kuma a kan hanyar akwai hannun mata da yawa waɗanda ba a cika ambaton su ba. Henrietta tana sahun gaba a cikinsu.

Gidan da ta Tashi

An haifi Henrietta Maria, wadda dangi da abokai suka fi sani da Harriet, a shekarar 1750 a Conington ta ƙasar Ingila. Mahaifinta, Thomas Bowdler babba, mutum ne mai abin hannu wanda neman abinci bai hana shi zama da iyalinsa ba. Mahaifiyarta, Elizabeth Stuart, 'yar Sir John Cotton ce, daga zuriyar Sir Robert Cotton wanda ya rasu a 1631, mutumin da ya yi suna wajen tara tsofaffin rubuce-rubucen hannu. A taskarsa ne aka adana kwafi ɗaya tilo da ya rage na tsohuwar waƙar Ingilishi mai suna Beowulf, kuma taskar tana cikin abubuwan da aka kafa babban gidan tarihin Birtaniya da su a 1753. Abin ya ɗan ba da mamaki, kakan kaka ya yi suna da adana rubutu kada ko harafi ya ɓata, ɗiyar zuriyarsa kuma ta yi aikin rage shi.

Sai dai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ragin nan a gida ta gan shi. Mahaifiyar tata mace ce mai zurfin karatun addinin Kirista. A 1775 ta fitar da sharhi a kan Waƙar Waƙoƙi, wani sashe na Littafi Mai Tsarki da ke magana da harshen ango da amarya, inda ta yi wa fassarar da malamin coci Thomas Percy ya yi a 1764 gyara. Abin da ya dame ta shi ne wasu kalmomin fassarar sun fito fili ƙwarai, ba su dace da kunyar amarya ba, don haka ta kawo waɗanda take ganin sun fi rufin asiri. Macen da ta iya tsayawa ta yi wa malamin coci gyara a kan Littafi Mai Tsarki, ba za a yi mamaki ba idan 'yarta ta yi wa mawallafin wasan kwaikwayo.

Mahaifin kuwa al'adarsa ce da dare ya tara iyalinsa ya karanta musu Shekisfiya da babbar murya. A zamanin nan haka gidajen masu hali suke hira, mutum ɗaya yana karatu a gindin kyandir, mata suna ɗinki, yara suna saurare. Thomas ƙarami ya ba da labari daga baya cewa mahaifinsu ya ƙware ƙwarai wajen tsallake wuraren da ba su kamata ba, yana cikin karatu zai ƙetare su ba tare da muryarsa ta yi gargada ba, har yaran suka girma ba su san an taɓa ɓoye musu kome ba. Wannan ita ce tushen aikin duka. Ba kowane uba ne yake da irin wannan saurin ido ba. Wani sai ya riga ya furta kalmar sa'an nan ya gane inda ya faɗa, ga 'ya'ya mata a zaune. Abin da ake bukata ke nan shi ne littafin da an riga an yi masa tsallaken tun daga maɗaba'a.

Huɗu daga cikin 'ya'yan gidan sun yi suna. Jane, babbarsu, marubuciya ce. John ya ba da ƙarfinsa ga gyaran tarbiyya da gina coci-coci. Thomas, wanda Harriet ta girma da shekara 4, ya karanta aikin likita a Sukotlan ya sami digirinsa a 1776, amma bai daɗe yana aikin ba ya bari, ya koma yawon ƙasashe da aikin gyaran gidajen kurkuku da kuma wasan darar Turawa, wadda ya ƙware a kanta har ya kara da Philidor, gwanin Faransa na zamanin.

Zaman Bath da Rubuce-rubucenta na Farko

A garin Bath Harriet ta yi mafi yawan rayuwarta. Gari ne mai maɓuɓɓugar ruwan zafi, inda masu kuɗi da marasa lafiya kan je shan iska da neman sauƙi, saboda haka ya cika da tsofaffin hafsoshi da malaman coci da matan da mazansu suka rasu, ga ɗakunan karatu da gidajen rawa. Ba ta taɓa yin aure ba. Ta shiga cikin matan nan masu ilmi da Ingilishi suke yi wa laƙabi da masu shuɗiyar safa, watau matan da suka fi son zaman tattauna littattafai a kan zaman caca da rawa, laƙabin da rabinsa yabo ne rabinsa ba'a.

Akwai wani ɗan labari da ke nuna yadda mutane suke kallon ta. Gilbert Elliot, wanda daga baya ya zama Gwamna Janar na Indiya, ya haɗu da ita a 1787, ya rubuta a wata wasiƙa cewa ta gaya musu ita in ta je gidan waƙa ba ta kallon masu rawa, rufe idonta take yi har su gama, saboda abin ya yi mata rashin kunya da yawa. Shi dai abin dariya ya ɗauke shi. Masu tarihi sun riƙe wannan labari sun yi ta maimaitawa, domin ya dace da surar da suke so su zana, ta tsohuwar budurwa mai tsoron inuwarta. Amma wanda ya dubi ayyukanta zai ga surar ba ta cika ba. Mai rufe ido ba ta iya aikin da ta yi.

Aikinta na farko a harkar littafi na edita ne. Yayarta Jane ta daɗe tana jinya ta rasu a 1784, ta bar waƙoƙi da maƙaloli a rubuce. Aka tattara su aka buga a 1786, aka ba da ribar ga babban asibitin Bath, kuma Harriet ce ta tsaya a kan aikin. Littafin ya karɓu, an sake buga shi fiye da sau 10. Daga nan ta koyi abin da ke tsakanin rubutun hannu da littafi: zaɓe, da jerawa, da gyaran kurakuran maɗaba'a, da ciniki da masu bugawa.

A 1801 ta fitar da nata littafin, tarin huɗubobi a kan aƙidoji da wajibai na addinin Kirista, ba tare da suna ba. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, an buga shi kusan sau 50. Ya kai hannun Bishop na Landan, Beilby Porteus, wanda ya karanta ya ji daɗi, ya ɗauka wani limamin coci ne da ba a san shi ba ya rubuta. Sai ya aika ta hannun masu bugawa cewa yana so ya ba marubucin limancin wata coci a ƙarƙashinsa. Ba a iya karɓar kyautar ba, don a lokacin cocin Ingila ba ta naɗa mace limanci, kuma ba ta fara ba sai a 1994. Wannan abu ya isa ya nuna matsayin da Harriet take ciki: alƙalaminta ya kai a ba shi mumbari, matuƙar ba a san hannun da ke riƙe da shi ba.

Har wa yau ita ce ta fito da rubuce-rubucen ƙawarta Elizabeth Smith, wata budurwa da ta koya wa kanta harsuna da dama, ciki har da Larabci da Farisanci da Ibrananci, ta fassara Littafin Ayuba, ta rasu a 1806 tana da shekara 29. Harriet ta tattara abin da ta bari ta haɗa da tarihin rayuwarta ta buga a 1808.

Shekisfiya na Iyali

A shekarar 1807 aka buga wasu ƙananan juzu'ai 4 a maɗaba'ar Richard Cruttwell da ke Bath, aka sa musu suna The Family Shakespeare, watau Shekisfiya na Iyali. Wasanni 20 ne a ciki daga cikin 36. Akwai gabatarwa, amma babu sunan wanda ya rubuta ta, babu kuma sunan edita a ko'ina.

Kafin a yi wa aikin hukunci ya kamata a san cewa ba a hannun Harriet aka fara taɓa Shekisfiya ba, kuma waɗanda suka riga ta duk maza ne, masu iko kuwa. Tun yana da rai, a 1606, majalisar dokokin Ingila ta kafa doka cewa duk ɗan wasan da ya ambaci sunan Allah da wasa a kan dandamali za a ci shi tarar fam 10, kuɗi mai yawan gaske a lokacin, abin da ya sa aka bi wasu wasannin ana goge rantsuwa. A 1681 Nahum Tate ya ɗauki King Lear, wasan tsohon sarkin da ya raba mulkinsa ga 'ya'yansa mata ya ƙare cikin baƙin ciki, ya sake masa ƙarshe: sarki ya rayu, 'yar autarsa Cordelia ba ta mutu ba, har ma aka yi mata aure. Wannan gyararren wasa shi aka yi ta nunawa fiye da shekara 150, ba a koma ga na ainihi sosai ba sai a 1838. Daɗin daɗawa, daga 1737 doka ta wajabta a kai kowane sabon wasa ofishin wani babban jami'in fada ya duba kafin a nuna, kuma ba a soke wannan doka ba sai a 1968. Ashe ke nan Harriet ta tarar da almakashi yana aiki. Abin da ta sabunta shi ne ta kai shi ga littafin karatu na cikin gida, ta kuma yi aikin bisa ƙa'ida.

Ƙa'idar tata ita ce a rage, kada a sake labari. Ba ta ƙaga sabon ƙarshe ba, ba ta tayar da matacce ba. Iyalin da suka karanta King Lear a littafinta sun ga mutuwar Cordelia kamar yadda mawallafin ya tsara, alhali wanda ya biya kuɗi ya shiga gidan wasa a Landan a wannan zamani biki aka nuna masa. A wannan fuska ta fi manyan 'yan wasan zamaninta riƙon amana.

Abubuwan da ta cire iri uku ne, ko da yake ba daidai suke da yawa ba. Mafi yawa batsa ce, da duk wani zancen da ya shafi jiki da kwanciya. A kashi na biyu na Henry IV akwai wata karuwa mai suna Doll Tearsheet, abokiyar shashancin Falstaff. Ita kam ba rage mata magana aka yi ba, fitar da ita aka yi daga wasan baki ɗaya, kamar ba a taɓa halittar ta ba. Sai ambaton sunan Allah a cikin rantsuwa ko raha, inda takan goge ko ta musanya da kalmar da ke nufin sama. Na ukun shi ne wanda ba a cika faɗa ba: ta cire wuraren da kawai ta ga ba su da armashi, ko sun yi tsawo, ko wasan kalmominsu ya tsufa. Wannan ba aikin mai gadin tarbiyya ba ne, aikin mai sukar adabi ne wadda ta yarda da ɗanɗanonta har ta ce wa Shekisfiya nan ka yi surutu. An ƙiyasta abin da ta zubar ya kai kashi 10 cikin 100 na wasannin da ta ɗauka. Waɗanda ta ga ba su gyaruwa kuwa ta bar su a waje, ciki har da Romeo and Juliet da Measure for Measure da Antony and Cleopatra.

Abin lura shi ne abin da ba ta taɓa ba. Kisan da Macbeth ya yi wa sarkinsa yana nan, kisan da Othello ya yi wa matarsa Desdemona yana nan. Ga dukkan alamu a ganinta jini ba ya ɓata yarinya, zancen gado ne ke ɓata ta. Akwai kuma wani gyara da aka daɗe ana jingina wa gidan Bowdler, cewa sun sauya kalmar tsinuwar da matar Macbeth ta yi wa ɗigon jinin da take gani a hannunta suka sa sunan launi a madadinta. Ba su ne suka yi ba, a wani bugu na Amurka na 1865 aka yi wannan. In an riga an san mutum da abu, har na maƙwabta a kansa ake sauke shi.

Littafin bai yi wani tashe ba da farko. Mujallu biyu da suka duba shi sun saɓa wa juna: British Critic ta yi shakkar ko ana ma bukatar irin wannan aiki, ita kuwa Christian Observer ta ga ba a yanke da yawa ba.

Me ya sa ta Ɓoye Sunanta?

Ɓoye suna ba baƙon abu ba ne ga matan zamanin. Jane Austen, wadda ita ma ta zauna a Bath daga 1801 zuwa 1806, da ta fitar da littafinta na farko a 1811 abin da aka rubuta a bango kawai shi ne wata mace ce ta wallafa. Amma matsalar Harriet ta fi wannan tsanani, kuma a cikin aikin kansa take. Batsar Shekisfiya yawancinta ba a fili take ba. Magana ce mai harshen damo, kalma ɗaya ma'ana biyu, ta sama mai tsabta, ta ƙasa kuwa sai wanda ya san zaurancen mashaya da na gidajen karuwai na Landan ta shekara 200 kafin lokacin. Wanda zai cire irin wannan lalle ne ya fara gane ta. Kowane layi da Harriet ta goge shaida ce cewa ta fahimci abin da ke ƙarƙashinsa. Ga ta kuwa tuzuruwa mai shekara 57, 'yar gidan mutunci, marubuciyar huɗuba, wadda al'ada ta ɗauka ba ta san kome ba a wannan fage, kuma mutuncinta ya rataya a kan a ci gaba da ɗauka haka. Sa sunanta a bangon littafin daidai yake da ta tsaya a bainar jama'a ta ce duk na gane. Wannan shi ne dalilin da manazarta suka fi karkata gare shi, kuma yana da wuya a kawo wanda ya fi shi. Aikin da aka yi don kare kunyar mata ya zama aikin da mace ba ta iya amsa cewa ita ta yi, saboda kunya.

Ba ita kaɗai abin ya shafa ba. A wannan shekara ta 1807 aka buga Tales from Shakespeare, inda aka mayar da wasanni 20 zube cikin sauƙin harshe domin yara. Mary Lamb ce ta rubuta 14, ƙanenta Charles ya rubuta 6, amma sunan Charles kaɗai aka sa, nata bai hau bango ba sai a 1838. Ita tata matsalar dabam ce, domin a 1796 ciwon taɓin hankali ya taso mata ta kashe mahaifiyarta, sunanta ya zama abin da ba a so a gani a littafin yara. Gabatarwar littafin nasu ta bayyana halin da ake ciki ƙarara: an yi shi ne musamman domin 'yan mata, saboda yara maza akan bar su su shiga ɗakin littattafan ubansu tun da wuri, mata kuwa sai dai ɗan'uwa ya zaɓo wurin da ya dace ya karanta musu. Wanda ya riƙe wannan a zuciya zai ga aikin Harriet da wata fuska. Yarinyar 1807 ba tsakanin cikakken Shekisfiya da ragagge take zaɓe ba. Tsakanin ragagge da babu take zaɓe.

Wadda ta yi ƙarfin halin sa sunanta ita ce Elizabeth Inchbald, tsohuwar 'yar wasa kuma marubuciya, wadda daga 1806 ta rubuta gabatarwar sharhi ga wasanni 125 a jerin juzu'ai 25 mai suna The British Theatre. Ba ta tsira ba. Marubucin wasa George Colman ƙarami ya fito ya yi mata ba'a a rubuce, yana ganin ba girman mace ba ne ta zauna tana auna aikin maza. Harriet ba ta rasa ganin irin wannan ba.

Yadda Sunan ya Koma ga Thomas

A 1818 aka fitar da sabon bugu a Landan, juzu'i 10, wasanni 36, da sunan Thomas Bowdler a bango. Ba za a ce bai yi aiki ba. Shi ya tace wasanni 16 da yayarsa ta bari, ya sake bin 20 ɗin nata, ya mayar da wuraren da ta cire don rashin armashi kawai, ya kuma ƙara datse wasu da ya ga sun kuɓuce mata. Othello ya gagare shi, tun da zargin zina shi ne ƙashin bayan wasan, in an zare shi ba abin da zai saura. Sai ya haƙura ya rubuta gargaɗi cewa wanda ya ga bai dace da karatun iyali ba ya ɗauke shi daga falo ya kai ɗakin da yake ajiye littattafansa. Abin da bai yi ba shi ne ya ambaci wadda ta share masa hanya. Babu kuma wata alama cewa ita ta nemi a ambace ta.

Kasuwar littafin ta buɗe ne ta hanyar faɗan da ba nasa ba. A 1821 mujallar Blackwood's ta yi masa kaca-kaca, sai abokiyar hamayyarta Edinburgh Review, ta alƙalamin editanta Francis Jeffrey, ta fito ta yabe shi. Gardamar ta sa mutane suka nemi ganin abin da ake faɗa a kai, aka shiga saye. Kafin 1850 an buga shi fiye da sau 10, wasu kuma suka bi sahu da nasu tatattun bugu, gommai, musamman domin makarantu. Thomas ya rasu a 1825 kusa da Swansea, bayan ya gama yi wa babban littafin Edward Gibbon na tarihin faɗuwar daular Rum irin wannan aski, aka buga shi a 1826. Zuwa 1836 an fara amfani da sunansa a matsayin kalmar aikatau, ta zargi. Duk da haka littafin bai rasa masu kare shi ba, har daga inda ba a zata ba. Mawaƙi Algernon Swinburne, wanda shi kansa aka yi ta zargin waƙoƙinsa da rashin kunya, ya rubuta a 1894 cewa ba wanda ya yi wa Shekisfiya hidima kamar mutumin da ya sa aka iya miƙa shi ga yara masu basira. Mutumin da yake nufi Thomas ne.

Wanda ya warware zaren shi ne Noel Perrin, malamin Ingilishi a kwalejin Dartmouth ta Amurka. Ya bi wasiƙun dangi da na abokan gidan waɗanda aka rubuta tun Harriet tana da rai, ya tarar a cikinsu ana ambaton bugun 1807 a matsayin aikinta, ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba. Watau na kusa duk sun sani, duniya ce kawai ba a gaya wa ba. Ya bayyana wannan a 1966, shekara 159 bayan fitar littafin, ya kuma faɗaɗa bayanin a littafinsa na 1969 a kan tarihin tace littattafai. Ko shi ma sunan Likita Bowdler ya sa a bangon nasa littafin, don shi ne sunan da masu saye suka sani. Bincike ya ci gaba bayansa. Molly Yarn, a littafin da jami'ar Kambirij ta buga mata a farkon shekarun 2020, ta gano mata kusan 70 a Birtaniya da Amurka da suka yi aikin editan Shekisfiya kafin 1950, yawancinsu a bugun makarantu da na gida, irin waɗanda manyan malamai ba su ɗauka da daraja ba amma su ne aka fi karantawa. A cikinsu akwai Mary Cowden Clarke, wadda ta shafe shekara 16 tana jera kalmomin wasannin ɗaya bayan ɗaya da wuraren da suka fito, ta kuma fitar da nata bugun a 1860.

Ƙarshen Rayuwarta

Harriet ta ga tashen littafin da idonta, ta ga ana yabo ana zagi da sunan ƙanenta, ba ta ce uffan ba. Ta rayu shekara 5 bayansa, ta rasu a Bath ranar 25 ga Fabrairu, 1830.

Ta bar wani ƙagaggen labari a rubuce wanda ba ta buga ba tana da rai, mai suna Pen Tamar. Labarin wata mace ce da ta tsufa ba ta yi aure ba, an kuma rubuta shi ne don a nuna cewa irin waɗannan mata, da marubutan zamanin suka mayar abin ba'a, suna da dalilansu da mutuncinsu da amfaninsu ga jama'a. An buga shi bayan rasuwarta. A bangonsa an sa sunanta, tare da laƙabin da akan yi wa matar aure, domin al'adar Ingila a lokacin ita ce idan tuzuruwa ta manyanta akan ara mata wannan laƙabi don girmamawa.